Boris da tayar gaban Keke Napep a Gusau, Tsafe da Bungudu

Boris da tayar gaba su ne sassa biyu da ke ɗauke da gaban Keke Napep, kuma ta kansu ne direba yake karkata keken hagu ko dama. Boris zoben ƙarfe ne mai ƙwallaye a ciki, wanda ke sa ƙafa ta riƙa juyawa a kan shaf ba tare da ƙarfe ya goge ƙarfe ba. Taya kuwa ita ce ke taɓa ƙasa. Da yake ƙafa ɗaya tak keken yake da ita a gaba, lalacewar ɗayansu ta fi haɗari a kan lalacewarsa a mota, inda akwai ƙafa ta biyu da za ta riƙe kafin a tsaya. A garuruwan Gusau, Tsafe da Bungudu na Jihar Zamfara, canza boris da taya aiki ne na yau da kullum ga kanikawa da masu faci. Wasu direbobin ba sa tsayawa ga mayar da irin wanda suka cire, sukan nemi wanda ya fi shi: boris mai rufin roba a madadin buɗaɗɗe, da taya mai ƙarfin jiki a madadin mai laushi.

Asali

Tsarin Keke Napep ya samo asali ne daga ƙasar Italiya. A shekarar 1948 kamfanin Piaggio ya fitar da wani babur mai ƙafa uku da ya kira Ape, wanda aka gina a kan fasalin Vespa. Injiniyan da ya zana Vespa, Corradino D'Ascanio, masanin jiragen sama ne, kuma shi ya kawo dabarar riƙe ƙafar gaba ta gefe ɗaya kamar ƙafar jirgi, don a iya cire ta cikin sauƙi. Kamfanin Bajaj na garin Pune a Indiya ya fara ƙera irin wannan abin hawa da lasisin Piaggio, yarjejeniyar ta ƙare a 1971, sannan a 1977 ya fitar da samfurin da injinsa ke baya, wanda ake kira RE. Kamfanin TVS ya shigo da nasa, TVS King, a 2008. Waɗannan biyun ne suka fi yawa a titunan Najeriya.

A Najeriya an fara sanin keken sosai a Legas lokacin da Buba Marwa yake gwamnan soja, tsakanin 1996 da 1999, shi ya sa ake ce masa Keke Marwa a can. Sunan Napep ya fito ne daga shirin yaƙi da talauci na ƙasa, NAPEP, da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta kafa a 2001. A Kano an san shi da Adaidaita Sahu tun zamanin Malam Ibrahim Shekarau, a Katsina akan ce 'yar ƙurƙura, wasu wuraren kuma agwagwa da buje.

An ƙirƙiri Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba 1996, da Gusau a matsayin babban birni. Bayan ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999 ƙarƙashin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, an hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata, kuma wannan na cikin abubuwan da suka sa abin hawa mai kujera a baya ya samu karɓuwa. Tsafe tana kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa, wadda ta bi ta Kwatarkwashi. Bungudu kuma tana kan hanyar Gusau zuwa Sakkwato, kuma ta fi Tsafe kusa da babban birnin. Manyan hanyoyin biyu na kwalta ne, amma aikin keken bai tsaya a kansu ba. Yana shiga lungunan unguwanni da ba a shimfiɗa wa kwalta ba, yana ɗauko buhunan dawa, gero, masara da waken suya daga ƙauyuka, yana kai marasa lafiya asibiti. A kan irin waɗannan hanyoyi ne boris da taya suke shan wahala.

Yadda ƙafar gaba take

Daga kan keken akwai sandar ƙarfe da ta sauko ƙasa, a ƙarshenta akwai wani hannu mai lilo da sifirin da shokazoba suke riƙe da shi. A jikin wannan hannun shaf yake. Cibiyar ƙafar, wadda kanikawa ke kira hob, tana ɗauke da boris, galibi guda biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, da sil na roba da ke hana ƙura shiga da giris fita. Durom ɗin birki yana nan wurin, kuma a jikinsa ake ɗaure rim da notuna.

Riƙe ƙafa ta gefe ɗaya yana da sauƙi wajen canza taya, amma yana da tasa matsalar. A babur mai ƙafa biyu, shaf yana da madogara hagu da dama, nauyi ya rabu daidai. A keke kuwa nauyin yana neman lanƙwasa shaf ɗin, boris ɗaya yakan sha matsi fiye da ɗan'uwansa. Bayan haka babur yana kwantawa idan ya shiga kwana, keke ba ya kwantawa, saboda haka a kowace kwana ƙasa tana tura tayar ta gefe, wannan turin kuma a kan boris yake ƙarewa.

Akwai wani boris dabam a wuyan keken, inda sandar kai take juyawa. Ana yawan rikita lalacewarsa da ta boris ɗin ƙafa, domin dukansu suna sa kan keke rawa.

Ƙanƙantar ƙafar ma abin lura ce. Tayar Keke Napep na fasinja lambarta 4.00-8, wato faɗinta inci huɗu ne, rim ɗinta kuma inci takwas. Tsayinta duka bai wuce santimita 41 ba, saboda haka tana juyawa kusan sau 780 a kowace kilomita, alhali tayar ƙaramar mota sau 500 ne ko kusa da haka. Idan keke yana gudun kilomita 50 a awa, ƙafarsa tana juyi wajen 650 a minti ɗaya. Ƙaramar ƙafa kuma faɗawa take yi cikin ramin da babba za ta tsallake.

Boris da lambobinsa

Boris mai ƙwallaye yana da zobe na waje, zobe na ciki, ƙwallaye a tsakaninsu, da wata ragar ƙarfe da ke raba ƙwallayen don kada su gogi juna. Ana yin sa da ƙarfe mai tauri wanda ke da kusan kashi ɗaya cikin ɗari na kabon da kashi ɗaya da rabi na kuromiyam. A ƙafar keke aka fara cin moriyarsa sosai: a 1869 wani makerin kekuna a Faris mai suna Jules Suriray ya yi rajistar ƙirarsa, kuma a shekarar James Moore ya ci tseren Faris zuwa Rouen a kan keke mai irin wannan boris. A 1883 Friedrich Fischer na Jamus ya ƙera injin da ke goge ƙwallaye su fito daidai wa daida, wanda shi ne mafarin kamfanin FAG. Kamfanin SKF na Suwidin an kafa shi a 1907, NSK na Japan a 1916.

Lambar da aka zana a jikin boris ba ta kamfani ɗaya ba ce, ma'auni ne da kamfanonin duniya suka yi tarayya a kansa. A lamba kamar 6204, shidan farko na nufin boris mai ƙwallaye a cikin kwari mai zurfi, biyun na nuna kaurinsa, sannan 04 idan aka ninka sau biyar ya ba da faɗin ramin ciki, wato milimita 20. Faɗinsa na waje milimita 47 ne, kaurinsa 14. Lamba 6205 raminta 25 ne, wajenta 52. Ƙananan lambobi huɗu ne kawai ba su bin wannan lissafi: 00 milimita 10 ne, 01 shi ne 12, 02 shi ne 15, 03 kuma 17. Tunda samfuran keke sun bambanta, abin dogaro shi ne lambar da ke jikin tsohon boris ko littafin kamfani, ba kintacen mai shago ba.

Haruffan da ke bin lambar su ne suka shafi maganar ingantawa. Boris marar harafi buɗaɗɗe ne, ana ganin ƙwallayensa, kuma ya dogara ne ga giris ɗin da bakanike ya cusa da sil ɗin hob. Mai ZZ yana da murfin ƙarfe gefe biyu, wanda ke tare tsakuwa da ƙasa mai kauri amma ba ya manne wa zoben ciki, don haka ruwa da ƙura mai laushi suna wucewa. Mai 2RS yana da leɓen roba gefe biyu da ke manne wa zoben, kuma da giris ɗinsa yake zuwa daga kamfani. Robar tana ɗan rage masa sauƙin juyi da iyakar gudu, amma iyakar tasa dubban juyi ce a minti, ƙafar keke kuwa ba ta kai dubu ɗaya ba. A ƙasa mai ƙura irin Zamfara babu wata hujjar zaɓen ZZ a kan 2RS in ba rahusa ba. Harafin C3 kuma yana nufin an bar ɗan sarari fiye da na kullum tsakanin ƙwallaye da zobe saboda zafi. Ba alamar inganci ba ce, ko da yake wasu masu saye suna ɗaukarsa haka.

Abubuwan da ke kashe boris

Kamfanin SKF ya kiyasta cewa a cikin boris da ke mutuwa kafin lokacinsu, kimanin kashi 36 cikin ɗari matsalar giris ce, kashi 34 gajiya ce daga lodi da rashin kulawa, kashi 16 kuskure ne wajen ɗaurawa, kashi 14 kuma datti ne. Dukan huɗun suna nan a aikin keke.

Lodi shi ne wanda direbobi suka fi rainawa, saboda lissafinsa ba ya tafiya yadda hankali ke zato. Bisa ƙa'idar da injiniyoyin Suwidin biyu, Lundberg da Palmgren, suka wallafa a 1947, wadda har yau ake aiki da ita, idan aka ninka nauyin da ke kan boris mai ƙwallaye sau biyu, rayuwarsa ba rabi take komawa ba, kashi ɗaya cikin takwas take komawa. Ƙarin rubu'i ɗaya kacal a kan nauyi yana cinye kusan rabin rayuwarsa. An ƙera keken ne don direba da fasinja uku. Gaskiya ne mafi yawan nauyin fasinja da na inji yana kan ƙafafun baya, amma mutum ɗaya ko biyu da ake zaunarwa kusa da direba, da buhun da ake ajiyewa a gaban ƙafarsa, kan ƙafar gaba suke sauka kai tsaye. Duk lokacin da aka taka birki kuma, nauyin keken gaba ɗaya yana zubowa gaba.

Ƙura da ruwa suna karɓa-karɓa ne bisa lokutan shekara. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana kawo ƙura mai laushi kamar gari, wadda idan ta haɗu da giris sai ta zama abin goge ƙarfe. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, kuma da yake cibiyar ƙafar tana kimanin santimita 20 ne kawai daga ƙasa, kududdufin da mota za ta ratsa ba tare da ta ji komai ba yana iya nutsar da hob ɗin keke. Hob mai zafi idan ya shiga ruwan sanyi, iskar da ke cikinsa tana tsukewa ta zuƙo ruwa ta bakin sil. Daga nan sai tsatsa. Injin wankin mota mai feshi da ƙarfi yana yin irin wannan ɓarnar idan aka saita bakinsa a kan hob.

Giris da ya dace shi ne mai litiyam mai matsakaicin kauri, wanda ake rubuta wa NLGI 2. A buɗaɗɗen boris ana cika tsakanin ƙwallaye, amma ba a danƙare ramin hob gaba ɗaya, domin giris da ya yi yawa zafi yake jawowa ya narke ya kwarara, wani lokacin har cikin durom ya kashe birki. Giris ɗin da ake aunawa daga buɗaɗɗen bokiti a bakin titi yakan zo da ƙasarsa a ciki.

Akwai kuma wata ɓarnar da ba kowa ke lura da ita ba. Idan mai walda ya maƙala wayar ƙasa a jikin rim alhali yana walda a jikin bodi, wutar tana bi ta cikin ƙwallayen boris ta ƙona su ɗigo-ɗigo. Keken zai tashi lafiya, bayan 'yan makonni ƙafa ta fara kuka.

Alamomi

Boris da ya fara lalacewa yana yin gurnani da ke ƙaruwa da gudu, kuma ba ya tsayawa ko an kashe inji ana gangarawa. Hob yakan yi zafi fiye da kima bayan gajeriyar tafiya, taya ta riƙa cinyewa gefe ɗaya, kan keke ya riƙa rawa. Gwajin da kanikawa ke yi shi ne a ɗaga gaban keken, a kama tayar sama da ƙasa a girgiza. Idan ta yi motsi a kan shaf, boris ɗin ƙafa ne. Idan kuwa sandar ce gaba ɗaya ke motsi daga sama, na wuya ne. Sannan a juya ƙafar da hannu a dafa sifirin, ana jin kurzawar a tafin hannu kafin kunne ya ji ta. Idan aka yi biris, ragar ciki tana karyewa, ƙwallaye su taru gefe ɗaya, ƙafa ta cije ko ta kwance, kuma keke mai ƙafa uku da gabansa ya cije yana cikin gudu kifewa yake yi.

Canjawa

Ana canza boris biyun tare da sil, ko da ɗaya ne ya nuna lalacewa, domin tare suka sha wahalar. Bayan an cire ƙafa da durom, ana fitar da tsofaffin, a wanke ramin da kananzir, a shanya, a duba shaf ko ya cinye ko ya lanƙwashe.

Wajen shigar da sabo ne aka fi yin kuskure. Ƙa'idar ita ce ƙarfin turi kada ya bi ta cikin ƙwallaye. Idan ramin hob ne boris ɗin zai shiga da matsi, zoben waje kaɗai ake turawa. Idan a kan shaf ne yake matsewa, zoben ciki kaɗai. Bugun guduma a zoben da bai dace ba yana sa ƙwallaye su lotsa hanyarsu, lotsawar da ido ba ya gani amma daga ita mutuwar take farawa. Da yawa daga boris da ake zargin jabu ne, a hannun mai ɗaurawa suka mutu. Inda babu injin matsawa, ana ɗora soket ko guntun bututu mai faɗin zoben, ko kuma tsohon boris ɗin, a riƙa bugawa a hankali har ya zauna daram. Ɗumama hob kaɗan, ko da a rana ne, yana buɗa ramin ya sauƙaƙa shiga. Shi kansa boris ɗin ba a gasa shi da wutar walda, domin zafi sama da digiri 120 yana taɓa taurin ƙarfensa, mai rufin roba kuwa bai ma jure hakan ba.

Idan akwai bututun da ke raba boris biyun, dole a mayar da shi, in ba haka ba ɗaure noti zai matse zoben ciki ya cije ƙwallaye. Notin shaf kuma ana kulle shi da sabon fin. Ƙusa ko guntuwar waya da akan soka a madadinsa ba abin da za a dogara da shi ba ne a wurin da ƙafa ɗaya ke riƙe da rayuka.

Wani lokacin ramin hob ɗin ne ya buɗe, boris yana shiga ba matsi. Dabarar da aka saba ita ce a tsattsaga ramin da ƙusa ko a liƙa yankin gwangwani. Wannan yana kai keke gida, amma ba ya daɗewa, kuma yakan zaunar da boris a karkace. Maganinsa sabon hob.

Jabu

Kayan gyaran keke suna isowa Zamfara ne ta hannun 'yan kasuwa daga Legas, Onica, Nnewi da Kano. Boris na cikin kayan da aka fi yi wa jabu a duniya, har manyan kamfanonin suka haɗu suka fitar da manhajar waya ta tantance lambar da ke jikin kwali. Abin lura shi ne boris mai rahusa da ke ɗauke da sunan kamfaninsa na gaskiya dabam yake da jabu mai ɗauke da sunan SKF ko NSK. Na farkon mai saye ya san abin da ya saya. Na biyun kuwa an karɓi kuɗin nagari an ba da na banza. Haka kuma akwai tsohon boris da ake wankewa a cusa masa giris mai kauri don ya ɓoye kukansa. Kyawun kwali ba shaida ba ne, farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa ya fi zama abin tuhuma.

Taya

Najeriya ta rasa manyan masana'antunta na taya bayan da Michelin ya rufe tasa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙerawa a Ikeja a 2008. Yawancin tayoyin keke daga waje suke zuwa, musamman daga Indiya da Sin, kuma cikin sanannu akwai MRF, CEAT da TVS.

Bayan lambar girma, akwai 4PR, 6PR ko 8PR a jikin tayar. A da wannan yana nufin yawan shimfiɗun zaren auduga da ke cikinta. Yanzu da ake amfani da zaren nailan, lambar ƙarfin jiki kawai take nunawa. Komawa daga 4PR zuwa 6PR shi ne ingantawar da ta fi amfani ga mai bin hanyar ƙauye, domin tana ɗaukar nauyi da iska fiye da ta farko, kuma ƙaya da kaifin dutse ba su cika huda ta ba. Mai 8PR ta fi tauri, amma a gaba taurin yana da illa: bugun da taya ba ta shanye ba, boris da shokazoba da hannun direba ne suke shan sa. Akwai kuma lamba da harafi, misali 76F. Lamba 76 na nufin kilo 400, harafin E na nufin iyakar gudun kilomita 70 a awa, F kuma 80.

Sa taya mafi girma ba ingantawa ba ce. Kekunan ɗaukar kaya suna amfani da 4.50-10, amma an ƙera hob da birkinsu don ita. A keken fasinja tana ɗaga gaba, ta sauya yadda kai ke juyawa, ta rage kamun birki, ta kuma iya gogar madigadi.

Wani tarkon shi ne tayar baro. Baro da yawa suna amfani da taya mai lamba 4.00-8 daidai da ta keke, kuma tana hawa rim ɗin ba gardama. Sai dai an yi ta ne don tafiyar ƙafa, jikinta siriri ne, wasu ma an rubuta musu NHS, alamar cewa ba ta hawa titi ba ce. A gudun keke zafi take ɗauka ta fashe.

Shekarun taya ana karanta su ne a lambobi huɗu da ke gefenta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2423 na nufin mako na 24 na shekarar 2023. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, tana gargaɗin cewa taya ta ƙare aiki bayan shekara huɗu da ƙera ta, ko da zanenta bai cinye ba. Wasu kamfanonin taya suna ba da wa'adin da ya fi haka, amma zafin bazara a Zamfara, da kan haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, da ajiye taya a rana a ƙofar shago, suna saurin busar da roba. Tsofaffin tayoyin waje kuwa suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastan ta haramta shigowa da su, ko da yake ana ganinsu a kasuwa.

Ƙafafun keken uku girmansu ɗaya, don haka akwai al'adar sa sababbi a baya inda nauyi yake, a tura wadda ta kwana biyu gaba. Ta fuskar kuɗi ana iya fahimtar hakan. Sai dai fashewar tayar baya tana barin direba da kai a hannunsa, fashewar ta gaba kuwa kan take ƙwacewa.

Rim, tiyub da iska

Rim ɗin keke gida biyu ne da ake haɗawa da notuna, shi ya sa ake iya canza tiyub ba tare da ƙarfen ɓanɓare taya ba. Notunan iri biyu ne, masu haɗa rim da durom, da masu haɗa gidajen rim ɗin biyu. Wanda ya kwance na biyun alhali taya na da iska, gidajen suna iya ballewa da ƙarfi su ji masa rauni a fuska ko hannu. Saboda haka sai an cire bawul iska ta fita duka kafin a taɓa su. Wajen mayarwa ana ɗan hura tiyub ya miƙe, don kada gidajen su cije shi. Tsatsar da ruwan damina ke bari a tsakaninsu tana cin tiyub, kuma ita ce sanadin facin da ake ta maimaitawa ba a ga ƙusa ba.

Iskar da kamfanoni ke ba da shawara tana kewayen PSI 30 a gaba, ta baya kuma ta ɗara kaɗan. Ana auna ta ne da safe kafin taya ta yi zafi, domin kowane ƙarin digiri biyar zuwa shida yana ƙara kusan PSI ɗaya. Rage iska da rana tsaka saboda geji ya nuna ta hau kuskure ne, gari na wayewa za a tarar ta yi ƙasa. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa a kowane juyi, ta yi zafi, ta ƙara shan mai. Mai iska fiye da kima kuma tana cinyewa a tsakiya, ba ta kama ƙasa sosai. Bugun taya da ƙarfe ko danna ta da yatsa ba ya bambance 25 da 40 a taya mai 6PR.

Kuɗi da tsaro

Direbobi da yawa ba su ne masu keken ba. Wasu suna kai balas kullum, wasu sun karɓa ne a kan biya sannu-sannu, kuma a tsari na biyun gyara yana wuyan direba. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, mai da kayan gyara sun yi tsada lokaci guda, kuma wannan yana tura mai saye ga mafi araha. Amma kuɗin boris kaɗan ne a cikin asarar da mutuwarsa ke jawowa, domin akwai ladan bakanike, da yinin da ba a yi aiki ba alhali balas na jira, da hob ko shaf da yakan lalata idan ya tarwatse.

Matsalar 'yan bindiga ta ƙara wa lamarin nauyi. Hanyar Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtuwa na cikin waɗanda aka sha tarewa, haka ma wasu yankunan Bungudu. A watan Satumbar 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta taƙaita zirga-zirgar babura da Keke Napep da dare, aka kuma katse layukan waya a jihar na wani lokaci. A irin wannan hali, lalacewar ƙafa a tsakanin gari da gari da yamma ba maganar ɓata lokaci kawai ba ce. Tayar safaya tana maganin faci cikin mintuna, amma boris da ya tarwatse ba a gyara shi a gefen hanya sai da kayan aiki da sabon boris a hannu.

A wasu na'urorin

Irin wannan ingantawa ana yin ta a ƙananan abubuwa masu ƙafa da yawa. Baro mai araha yakan zo da bushin, wato bututun roba ko na ƙarfe mai laushi da ke gogar shaf kai tsaye, kuma masu dako sukan canza ƙafar da mai boris. Kurar 'yan garuwa tana tafiya a kan ƙafafun keke ko na babur, amalanken shanu kuma a kan tsohon shaf da tayoyin mota, inda boris mai gangar ƙarfe irin wanda Henry Timken ya yi wa rajista a Amurka a 1898 yake ɗaukar nauyin. A Amurka da Turai, ƙananan motocin yankan ciyawa da ake hawa sukan fito daga kamfani da bushin a ƙafafun gaba, masu su kuma su cire shi su sa boris mai rufi daidai da kaurin shaf, galibi kashi uku cikin huɗu na inci, tare da taya mai 4PR a madadin mai 2PR.